Kazar da Ban Zura Rijiya Ba

Ni mai haƙar rijiya ne. Ban yi lakwal ba, wato boko, makarantar allo ma ban daɗe ba. Ɗan karatun da na iya a majami'a na koye shi, da furfura a gemuna. Abin da zan faɗa ya faru tun ban iya haɗa baƙi biyu ba.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona. Yana nan da ransa a Matameye, amma ba shi ne mutumin da na sani ba. Ni na sa shi cikin rijiyar da ta mai da shi haka. Matarsa ta yi shekara huɗu tana sa mini albarka, ba ta san wannan ba.

Tare muka koyi aiki da shi a hannun wani tsoho daga wajen Dungu. Maigidanmu ba ya bayani. In ka tambaye shi dalilin abu, sai ya miƙo maka igiya. Amma akwai abu ɗaya da ba ya tsallakewa. In an kira shi yasar tsohuwar rijiya wadda ta daɗe a rufe, ba mai shiga sai an zura kaza. A sa ta a kwando, a ɗaure baki, a zura har ƙasa, a bar ta gwargwadon dahuwar shayi. Shi cewa yake gaisuwa ce ga masu rijiya, wato aljannun da ke ciki. In kaza ta fito tana kuka, a shiga. In ta fito a mace, ko wuyanta ya langaɓe, sai ya ce masu gida ba su yarda ba. A bar rijiyar a buɗe kwana uku, a ɗaura kaba a igiya ana zurawa ana jawowa safe da yamma, sannan a sake aika wata kazar.

Sau uku na ga kaza ta fito a mace. Na riƙe su da hannuna, ba rauni, ba jini. Na san akwai abin da ke taruwa a ƙasan rufaffiyar rijiya yana hana numfashi. Ko aljan ne, ko ruɓaɓɓen ganye da mushe, ban taɓa zama na raba ba. Amma na sani. Ina so a riƙe wannan, kada wani ya ce rashin sani ne ya sa ni.

Na shiga bin Almasihu a wata shekarar cin rani a Najeriya. Ƙasa ta rufta mini har ƙirji, na yi wata biyu kwance, wasu Kirista da ban haɗa komai da su ba suka yi jinyata. Da na dawo gida na faɗa wa ƴan gidanmu na zama Kirista. Babana bai ɗaga murya ba. Ya ce in naɗe tabarmata. Ƴan'uwana suka daina amsa gaisuwata a kasuwa.

Mutum biyu ne ba su juya mini baya ba. Na farko taubashin nan nawa. Ya same ni zaune a tasha da ƙunshin kayana, ya tsaya a kaina yana taunar goro.

"To, arne," ya ce, "yanzu wa zai riƙe maka igiya? Mala'iku?"

Na ce, "Kai mana. Ɗan mace ne kai, bawana ne, dole ka riƙe."

"Bawan arne. Allah ya kyauta. Tashi mu je, tuwo na hucewa."

Haka muka ci gaba da aiki tare. In lokacin sallarsa ya yi ina jiransa a bakin rijiya. Ran Lahadi shi yake cewa mai aiki ya yi haƙuri, maigidansa ya tafi waƙa.

Na biyu wani dattijo ne na majami'armu, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta. Muna ce masa Baba. A zaurensa na kwana shekara guda. Shi ya tsaya mini matsayin uba da na yi aure. Duk abin da na sani na Littafi daga bakinsa na ji, don ni ban iya buɗe shi ba. In Baba ya ce abu, a wurina Allah ne ya ce. Mahaifiyarsa ƴar bori ce, yana yaro shi yake riƙe mata ƙafafun kaji in za a yanka wa aljannu. Ya tsani abin har cikin ƙashinsa. Ba mugun mutum ba ne, ban yarda kowa ya ce haka ba.

Majami'armu ƴan gidaje ne. Wata shekara aka sami garka a kwari, kan hanyar Ɗan Barto, don matanmu su riƙa shuka albasa da kabeji da rani. Akwai tsohuwar rijiya a ciki, gaba goma sha ɗaya, an rufe ta da itace da tsohon kwano tun rasuwar mai garkar. Ni za a kira, wa kuma. Pasto ya tafi taro Damagaram na mako guda, ya bar al'amura a hannun Baba. Bazara ce, ruwa ya ja baya, lokacin yasa ke nan. Muka sa ranar Asabar.

Ran Juma'a da la'asar matata ta kamo mini wata jar kaza, ina gyara kwando, sai ga Baba ya yi sallama.

"Baƙi za ku yi?"

"A'a, Baba. Ta rijiya ce."

Ya zauna a kan turmi. Na yi masa bayani yadda maigidanmu ya koya mana, da kalmominsa, don su na sani. Da na kai wurin gaisuwa sai ya ɗaga hannu.

"Wa ake gaisarwa?"

"Haka dai ake cewa, Baba."

"Na ji. Wa ake gaisarwa?"

"Masu rijiya."

Ya daɗe yana kallon kazar. Sannan ya ce, "Ɗana, kai da bakinka ka tsaya gaban jama'a ka ce ka rabu da waɗannan. Yanzu kuma a rijiyar majami'a? Masu garka su gani su ce ashe Kiristan ma suna ba aljannu kaza?"

"Ba yankawa ake ba."

"Uwata ma ba kullum take yankawa ba. Wani lokaci saki take a gindin tsamiya. Duk ɗaya ne. Gobe zan zo da kaina in yi addu'a a bakin rijiyar. Wanda ya fid da kai daga ƙarƙashin ƙasa bai gaji ba."

Da a ce na buɗe baki na ce masa na ga kaji uku sun fito a mace, ina jin da ya saurara. Tsohon malamin lakwal ne, yana son dalili. Ban ce ba. Maganarsa ta yi mini daɗi. Wanda ya shigo daga waje kullum ji yake ana auna shi. Waɗanda aka haifa a cikin majami'a ba su san wannan ba. Ina so Baba ya gan ni na yar da abin gidanmu a gabansa, ya je ya faɗa. Na kwance ƙafar kazar na sake ta.

Bayan ya tafi matata ta fito daga madafa. Duk ta ji.

"In kaza ce ba ta halatta ba, ka zura fitila," ta ce. "Kai ka ba ni labari wasu masu haƙa a Najeriya haka suke yi. In ta mutu a ƙasa ka san mutum ma ba zai yi numfashi ba. Fitila ba gaisuwar kowa ba ce."

"Baba ya ce addu'a."

"Baba zai shiga?"

"Rufe bakinki."

"To ka jira Pasto. Kwana huɗu ne. Rijiyar ba tafiya za ta yi ba."

Na ce mata ta kula da tukunyarta. Fitila ma, a tunanina, in Baba ya gani zai ce shakka nake. Ban durƙusa na tambayi Ubangiji a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka tunda dattijo ya faɗa, an riga an tambaya.

Muka isa garka rana na fitowa. Ni, da Baba da Littafinsa a hammata, da maza biyu na majami'a masu jan igiya, ɗaya tela, ɗaya mai gadin shago. Ba wanda ya san rijiya a cikinsu. Taubashina ya zo a ƙarshe da igiya a kafaɗa, fuskarsa ba walwala, amma da ya gan ni sai ya saki.

"Ina ƴar aiken?"

"Babu ita yau."

"Ka cinye ta ke nan. Na san arna da kwaɗayi."

Muka ɗage kwanon da itatuwan. Wani wari ya taso, mai nauyi, kamar na tsohon rumbu da ruwa ya shiga. Baba ya buɗe Littafi ya karanta, ya yi addu'a mai tsawo, muka ce amin. Taubashina ya jira a gefe har aka gama, sannan ya ja hannun rigata muka koma bayan wani gawo.

"Kai, bar wasa. Wannan ta daɗe a rufe."

"An yi addu'a."

"Na ji an yi. Bari in sheƙa wancan ƙauyen in aro ko ɗan tsako ne."

"Ba za a zura kaza a rijiyar majami'a ba."

"To mu bar ta ta sha rana zuwa jibi."

Baba yana kallonmu daga nesa. Na ce, "Tsoro kake ji?"

Ya dube ni. Shekara goma sha wani abu muna aiki, ban taɓa ce masa haka ba.

Tsarinmu bi da bi ne. Rijiyar da ta wuce ni na shiga, wannan tasa ce. In bangaskiya ake son gwadawa, tawa ce, da jikina ya kamata a gwada ta. Wannan tunanin ya zo mini a lokacin, ba daga baya ba. Na bar shi ya wuce.

Ya tuɓe riga, ya gyara hularsa. "To, maigida ya yi magana," ya ce. "In na gamu da mai rijiyar zan ce masa ka ce ba ka gaishe shi ba." Ya yi bismilla, ya sa ƙafa a madaukin igiya, muka fara sassautawa.

Shi mutum ne mai surutu in yana sauka. Yana ta zagin telan cewa hannunsa na allura ne, kada ya sake shi. Muryar tana nisa. Igiya ta yi sako-sako, ya taka ƙasa. Ya cire ƙafarsa kamar yadda muka saba don a aiko da guga. Na ji ya ce, "Kai, akwai laka." Ya fara wata maganar bai ƙarasa ba. Sai na ji ƙarar zama cikin taɓo.

Na kira shi. Na sake kira. Na leƙa, farar hularsa kawai nake hangowa, ba ta motsi.

Igiya ɗaya ce da mu mai tsawon nan. In na sauka da ita na ɗaure shi, ba abin da zai fid da ni. Mai gadin ya ruga garkar maƙwabta neman wata. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ni dai ina durƙushe a baki ina kiran sunan mutum ba amsa, Baba kuma yana ta addu'a. Da masu garka suka iso da igiya, na jiƙa rawani na ɗaure hanci, na ɗaura ɗaya a ƙuguna, suka zura ni da sauri. A ƙasa na riƙe numfashi. Yana zaune jingine da bango, kansa a ƙirji. Na zagaya masa igiya ƙarƙashin hammata na ƙulla. Kunnuwana suka fara ƙara. Na girgiza igiya. Ban san fitowata ba.

Na farka a kan amalanken shanu kusa da shi. Yana numfashi da ƙyar, leɓɓansa sun canza launi. A bakin hanya aka sami mota zuwa likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba shi ya ce a wuce Damagaram. Can ya yi kwanaki bai san inda yake ba.

Ya dawo gida bayan wata guda. Yana tafiya yana jan ƙafa. Hannunsa na dama yana rawa, ba ya iya kai loma baki sai ta zube. Magana ɗaya-ɗaya, sai ya yi ta nemanta. Safiyar nan ta fita daga kansa gaba ɗaya. Ranar da na je duba shi na ce, "Bawana, ka tashi?" Ya dube ni da ladabi ya ce, "Sannu da zuwa." Tun daga nan bai sake ce mini arne ba.

Gari kuwa ya ɗauki labari ta wani gefe. Wai Kirista ya shiga rijiya don ya ceci Musulmi. Mutanen da suka daina amsa gaisuwata suka fara miƙo mini hannu. Gwaggo ta riƙe kaina tana kuka. Babana ya aiko ƙanena ya ce yana gaishe ni, karo na farko tun da na naɗe tabarma. Matar taubashina ta durƙusa har ƙasa a gaban mutane ta ce, "Yaya, Allah ya biya ka. Ba don kai ba da yaran nan marayu ne." Masu garka sun zo ne bayan abin ya faru. Telan da mai gadin ba su san zancen kaza ba. Wani ya tambaye ni ko mun yi abin da ake yi kafin shiga, na ce ƙaddara ce. Ya ce haka ne.

Na je wurin Baba. Ya rame, kamar shi ya yi ciwon.

Na ce, "Baba, zan faɗa wa matarsa."

Ya tashi ya saki asabarin ƙofa, ya dawo ya zauna. "Ɗana, ka san inda muke zaune. In aka ji Kirista sun hana mutum abin da ya saba, sun tura shi rami, ba kai kaɗai za a nema ba. Akwai mata, akwai yara masu zuwa lakwal. Ka roƙi gafara wurin Allah, ni ma ina roƙo. Ka riƙe gidan nan da hannu biyu. Faɗar ba za ta mayar masa da lafiya ba."

Akwai gaskiya a maganar. Na ga lokutan da muka yi sujada da ƙofa a rufe, ba mu ɗaga murya a waƙa. Amma ba don mata da yara na karɓa ba. Na karɓa ne don gaisuwar babana, da hannun da ake miƙo mini a kasuwa. Karo na biyu ke nan bakin nan ya faɗa mini abin da nake son ji, na ɗauka da sauri ban juya shi ba.

Na riƙe gidan. Gonarsa ta gero ni nake shukawa kafin tawa, ni nake noma, ni nake ɗaure dammuna in kai rumbu. Duk Juma'a a gidan nake cin tuwon rana, matarsa ba ta yarda in wuce. Takan zuba mini man shanu ko da yaran ba su samu ba. Ina ci. A majami'a in an zo jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo tare, sai in miƙa ƙoƙon gaba ban sha ba. Matata ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba. Sau ɗaya kawai, muna dawowa daga sujada, ta ce, "Har yaushe?"

A cikin shekarun nan na shiga ajin karatu na manya. Ina bin layi da yatsa. Da na fara iya buɗe Littafi ni kaɗai, na yi ta neman wurin da zai wanke ni. Na ga an hana yi wa wani hadaya in ba Allah ba, Baba bai yi ƙarya ba. Amma ban ga inda aka hana mutum duba rami kafin ya sa ɗan'uwansa ba. Abin da na gani shi ne gargaɗi kada a gwada Allah. Na rufe, na yi kwanaki ban buɗe ba.

A shekara ta huɗu, wata Juma'a bayan girbi, na tarar matar taubashina ba ta ci ba. Na ce lafiya? Ta ce azumi take. Na ce ai ba lokacinsa ba ne. Ta dubi mijinta yana gyangyaɗi a inuwar dogon yaro, ta rage murya.

"Yaya, kai kaɗai zan faɗa wa. Ranar da ya shiga rijiyar nan, da safe faɗa muka yi. A kan abin banza, wai ya ba ƙanwarsa buhun wake bai shawarce ni ba. Yana fita na ce masa ya tafi kada ya dawo. Bakina ne ya kama shi. Tun lokacin nake azumin nan, ko Allah zai dube ni."

Loma na hannuna. Na mayar da ita cikin kwano. Na ce mata ba haka ba ne. Ta ce, "Kai mai kirki ne, dole ka ce haka."

Washegari na je wurin Pasto. Na faɗa masa duka, daga kan kaza har zuwa azumin. Bai katse ni ba.

"Me Baba ya ce?"

Na faɗa masa.

"Matarka fa?"

Na faɗa masa.

"Kai me ka ce?"

"Na zo ne ka gaya mini abin yi, Pasto."

"Don in ta ɓaci ka ce Pasto ne ya ce?" Ya girgiza kai. "Ka san rijiya fiye da Baba, fiye da ni. Allah ya ba ka wannan sanin a hannunka, ka ajiye shi don wani ya iya karatu. Yanzu ma ka san abin da ke gabanka. Durƙusa mu yi addu'a, amma kai za ka yi, ni amin zan ce."

Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce Ubangiji ya nuna mini, in tsoro ne ke riƙe ni ya cire, in kuma faɗar za ta cuci mutanen majami'a ya tsare su. Da na tashi ba wata murya da na ji. Fuskar matar nan kawai nake gani da busasshen leɓe.

Muka je wurin Baba tare, tunda abin ya shafi kowa. Bai canza ra'ayi ba. Ya ce har yanzu yana tsoro. Amma da ya ji zancen azumin sai ya ce, "In za ka faɗa, kada ka cire ni. Bakina na ciki."

Na je da hantsi ranar Talata. Tana sheƙar gero a tsakar gida. Yaran sun tafi lakwal. Mijin yana wurinsa a inuwa.

"Yaya, yau ba Juma'a ba."

"Ajiye faifan. Magana zan yi."

Na tsaya a tsaye na faɗa. Na ce ya nemi a zura kaza na hana. Ya nemi a jira kwana biyu na hana. Na ce masa matsoraci. Matata ta ce in zura fitila na ƙi. Na san abin da rufaffiyar rijiya take yi. Ba bakinta ba ne, ni ne.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan tabarmar geron.

"Addininku ne ya hana?"

"A'a. Wani dattijonmu ya ba ni shawara, bai san rijiya ba. Ni na sani, na bi don a yabe ni."

"Shekara huɗu kana cin tuwona."

"E."

"Na durƙusa maka a gaban mutane."

"E."

Ta juya ta kalli mijinta. Ya ga muna kallonsa, ya ɗaga hannun mai rawa ya ce mini sannu.

"Fita," ta ce.

Na fita. Na gaya wa Pasto ya shirya, na zauna gida ina jiran abin da zai zo. Kwana tara ba labari. A na goma yayanta ya zo, mutum mai faɗa, na ɗauka shi ke nan. Ya ƙi zama. Ya ce ta faɗa masa, shi da gwaggo, kuma ta ce maganar ta tsaya nan, ba ta so a mai da mijinta abin hira a kasuwa. Gwaggo ta ce kada in je inda take. Ya ce in da ta shi ne da ba haka ba.

"Saƙon ƙanwata shi ne, gona tana nan, ka ci gaba. Cikin gida kuwa kada ka sake shiga. Zaure ne iyakarka." Ya kai ƙofa ya juyo. "Ta ce kuma mijin yana tambayarka. Ran Juma'a ka zo ka yi masa aski ka kai shi masallaci. Ni ina Kano rabin shekara, ba mai kai shi."

Haka ake yi har yau. Ina zuwa kafin azahar, in yi sallama daga zaure. Ita take rako shi har bakin ƙofar ciki, ta sake hannunsa ta koma. Ba ta gaishe ni, ni ina gaishe ta. In yi masa aski, in sa masa hula, mu tafi a hankali yana dafe da kafaɗata. A ƙofar masallaci wani ya karɓe shi. Ni in koma gefen hanya wurin masu tallan rake, in riƙe takalmansa har a idar.

Gwaggo ta rasu bara ba ta neme ni ba. Matar ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Na ji daga bakin matata cewa ta daina azumin.